Gyaran Hoto: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sana'ar hoto na wannan zamani, wadda ake ji a Kano da Maraɗi kamar yadda ake jin ta a Makka da Riyad: "Kwamfuta ce ta ƙi." Idan hoton da aka wanke ya fito da launin da ba na mai shi ba, kwamfuta ce. Idan manhajar gyaran hoto ta cije ana tsakiyar aiki, kwamfuta ce. Idan hukuma ta mayar wa mutum da hotonsa, ta ce bai dace da takardar da yake nema ba, nan ma kwamfuta ce. Ita kuwa ba ta da bakin kare kanta. Gaskiyar al'amari ita ce, mafi yawan matsalolin da ake ɗora wa manhajar gyaran hoto suna da sanannun dalilai da sanannun magunguna, kuma mafi muninsu daga hannun da ke riƙe da na'urar suke fitowa.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce, sai ya dubi halin baƙo a ƙasar Saudiyya. Hausawa sun ɗauki ƙarnoni suna zuwa wannan ƙasa ta dalilin aikin hajji, wasu da ƙafa ta hanyar Cadi da Sudan, har aka sami iyalai 'yan ƙasa da ake yi wa laƙabi da Hausawi. Amma baƙon da ya zo aiki ko karatu a yau, rayuwarsa a rataye take da takardu: fasfo, da biza, da igama, wato takardar izinin zama. Kowacce daga cikinsu da fuskarsa a jiki. Nijeriya ta fara ba da fasfo mai ɗauke da bayanan mutum a cikin na'ura a 2007. Saudiyya ta buɗe dandalin Absher na hidimomin gwamnati a 2010, ta fara ba da bizar yawon buɗe ido ta intanet a 2019, sannan ta ƙaddamar da dandalin Nusuk na masu umara da ziyara a 2022. Ma'anar wannan duka ita ce, a lokuta da yawa na'ura ce ke fara duban hoton mutum kafin idon wani jami'i ya kai kansa. Na'ura kuwa ba ta jin magiya.

A ƙaddara wani mai ƙaramin shagon hoto a Al-Jaradiya, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Riyad da ke yankin Shumaisi. Masu zuwa wurinsa direbobi ne da 'yan aikin gini da masu jiran kanti da ɗalibai. Wannan yana son hoton takarda, wancan yana son a gyara masa tsohon hoton mahaifiyarsa da aka aiko daga gida, wani kuma katin gayyatar ɗaurin aure yake so da Larabci da Hausa. Duk kuskuren da mai shagon ya yi, wani ne zai biya shi da kuɗi, ko da ranar aiki guda da ta salwanta a layi, ko da tafiyar da ta fasu. Saboda haka ya kamata a bi matsalolin nan ɗaya bayan ɗaya, a ga wadda take laifin na'ura ce da wadda ba nata ba.

Na farko su ne matsalolin da suka shafi ƙarfin kwamfuta. Manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, kamfanin Adobe kuma ya fitar da ita kasuwa a 1990, manhaja ce mai cin wuri. Tana riƙe hoton da ake gyarawa da kowane mataki na gyaran a cikin ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, domin mai aiki ya iya komawa baya idan ya yi kure. Idan wannan ma'ajiya ta cika, sai ta ari wuri a babban faifan ajiya. Idan shi ma faifan ya cika maƙil da hotunan biki na shekara biyar da finafinai, sai manhajar ta fito da gargaɗi cewa wurin aronta ya ƙare, ta ƙi motsi. Wannan gargaɗi ba alamar lalacewa ba ne. Maganinsa shi ne a kwashe tsofaffin ayyuka zuwa wani faifai na waje, ko a nuna wa manhajar wani faifan mai sarari. Haka nan idan allo yana ƙyaftawa ko hoton ya zama baƙi ƙirin alhali fayil ɗin lafiyarsa lau, galibi saɓani ne tsakanin manhajar da katin zane na kwamfuta. A sabunta ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin, ko a kashe amfani da shi na ɗan lokaci, sai a ga inda gizo ke saƙa.

Akwai kuma abin da ba a cika kawowa a rai ba, wato zafi da ƙura. A Riyad zafin bazara yakan haura digiri 40, kuma iskar hamada ba ta rabuwa da ƙura, kamar dai yadda hunturu yake yi wa Kano da Sakkwato. Kwamfutar da ƙura ta toshe wa fanka takan rage gudun kanta da kanta don kada ta ƙone. Mai shago sai ya ga aiki yana jan ƙafa, ya ɗauka manhaja ce ta tsufa, ya goge ta ya sake ɗorawa, matsala kuwa tana nan daram. A nan ne babban darasin neman bakin zaren matsala yake: a karanta saƙon da na'ura ta nuna kafin a rufe shi, a tambayi kai mene ne ya canza tun ranar da komai ke tafiya daidai, sannan a canza abu ɗaya tak a gwada kafin a taɓa na biyu. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda, ko da ya dace, bai san abin da ya warkar ba, kuma gobe zai sake komawa gidan jiya.

Ba za a bar wannan babi ba sai an taɓo manhajar sata. Tun daga 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sababbin samfuran Photoshop na saye sau ɗaya, ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Ga ƙaramin mai sana'a wannan nauyi ne na gaske, kuma ba adalci ba ne a yi kamar ba a san da shi ba. Sai dai kwafin da aka fasa aka raba a banza ba ya samun gyare-gyaren da kamfani ke aikowa, ba ya gane fayilolin sababbin kyamarori, kuma sau da yawa yakan zo da mugun baƙo a ɓoye: manhajar da ke satar bayanai, ko wadda ke kulle dukkan fayiloli ta nemi kuɗin fansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwamfutar mai hoto kuwa cike take da fuskokin mutane da kwafin fasfo da igama, amanar da ba tasa ba. Wanda ba ya iya biya yana da mafita ta halal. Manhajar GIMP kyauta ce tun fitowarta a tsakiyar shekarun 1990, an kuma fitar da samfurinta na 3.0 a 2025. Akwai darktable ta sarrafa ɗanyen hoto daga kyamara, akwai Krita ta zane. Idan aka haɗa su, sun ishi aikin hoton takarda da katin biki.

Na biyu su ne matsalolin da ke cikin fayil ɗin kansa. Hoton dijital tarin ƙananan ɗige-ɗige ne masu launi, kuma yawansu ƙidayayye ne. Domin hoto ya fito tas a takarda ana son kimanin ɗigo 300 a kowane inci. Hoton takarda mai faɗin santimita 4 da tsawon santimita 6 yana bukatar kusan ɗigo 472 a faɗi da 709 a tsawo, wannan kuwa kowace waya tana iya bayarwa. Amma hoton da zai cika takardar A4 yana bukatar 2480 da 3508. Idan wani ya kawo ɗan ƙaramin hoton da ya yi yawo daga waya zuwa waya ta WhatsApp, ya ce a buga masa shi babba ya rataye a bango, abin da zai fito dishi-dishi ne. Dalili shi ne WhatsApp yakan matse hoto ya rage nauyinsa, sai fa idan an aiko shi a matsayin fayil. Tsarin JPEG kuma, wanda aka amince da shi a 1992, yana zubar da wani ɓangare na bayanan hoto duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa. Gyara goma, asara goma. Ƙa'idar ita ce a ajiye asalin hoto kada a taɓa shi, a yi aiki a kan kwafi cikin tsarin da ba ya zubar da komai, irin su TIFF ko PSD, sai a ƙarshe a fitar da JPEG sau ɗaya. Idan kuwa tsohuwar manhaja ta ƙi buɗe hoton da aka ɗauka da iPhone, ba lalacewa ya yi ba. Tun 2017 wayoyin Apple suke adana hoto a tsarin HEIC, juya shi kawai ake yi.

Wani zai ce ai yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke mayar da hoto mai dishi-dishi tangaran. Haka ne, amma a san abin da suke yi. Ba sa dawo da abin da ya ɓace, domin babu inda za su samo shi. Cike gurbi suke yi da kirdado, bisa ga dubban fuskokin da aka horar da su a kai. Tsohuwar da aka kawo hotonta tana iya fitowa da idon da ba nata ba, tsagar gadon da ke kumatunta kuma ta shafe, saboda manhajar ta ɗauke ta a matsayin tabon takarda. 'Ya'yanta za su rataye hoto mai kyau, amma na wata mata ce daban.

Na uku shi ne launi. Ƙorafin da aka fi ji shi ne, abin da aka gani a allo daban, abin da firinta ta fitar daban. Allo da haske yake yin launi, yana haɗa ja da kore da shuɗi. Takarda kuwa da tawada ake yi mata, kuma hasken ɗaki take mayarwa ga ido. Akwai launukan da allo yake iya nunawa waɗanda tawada ba ta kai gare su. Bugu da ƙari, yawancin masu shago sukan ƙure hasken allonsu, sai hoto mai duhu ya yi kamar daidai yake, ya fito a takarda kamar an ɗauke shi da almuru. Sannan akwai ma'aunan launi daban-daban. Kamfanonin HP da Microsoft sun fito da ma'aunin sRGB a 1996, wanda shi ne intanet da yawancin injinan wanke hoto suka ginu a kai. Adobe ya fito da nasa mai faɗi a 1998. Idan aka gyara hoto a ma'aunin Adobe aka miƙa shi ga na'urar da ke zaton sRGB ne, sai launuka su koɗe, fatar mutum ta yi toka-toka. Juya hoton zuwa sRGB kafin a fitar da shi aikin daƙiƙa kaɗan ne, amma sai wanda ya sani.

Na huɗu shi ne rubutu, kuma a nan mai shagon Al-Jaradiya yana fama da harshe biyu. Larabci daga dama ake rubuta shi, haruffansa kuma suna sarƙe da juna. A tsofaffin samfuran Photoshop, idan ba a kunna tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya ba, sai haruffan su fito a warwatse kuma a juye, sunan ango ya zama abin da ba ya karantuwa. Hausa kuma tana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda salon rubutu da yawa ba su ɗauke da su. Manhaja takan sa ɗan akwati a gurbinsu, ko ta aro harafin daga wani salo ya fito kamar bare a cikin dangi. Mafi yawan masu aiki sai su zaɓi hanya mai sauƙi, su cire lanƙwasar. Amma fada daban, faɗa daban. Baki daban, baƙi daban. Kasa daban, ƙasa daban. Katin da ya kira jama'a zuwa fada bai kamata ya bar su cikin shakkar ko faɗa za a yi ba. Maganin a kusa yake: salon rubutu irin su Charis da Gentium na cibiyar SIL, da jerin Noto na kamfanin Google, kyauta ne, kuma suna da waɗannan haruffa cif.

Duk waɗannan matsaloli ne da mai sana'a yake gani ya san matsaloli ne. Ta biyar ta fi su haɗari, domin ba a ɗauke ta matsala ba, har ma ana biyan kuɗi a yi ta. Ita ce taɓa fuska.

Asalin abin daga wurin ɗauka yake farawa. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ke gabansa zuwa matsakaicin haske. Hoton takarda ana son bayansa fari. Mutumin ya zo sanye da farar jallabiya, kamar yadda aka saba a Riyad, ko farar riga irin ta Juma'a a Kano. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage hasken da take bari ya shiga. Farin bango ya koma toka, baƙar fuska kuma ta nutse cikin duhu har ba a bambance hanci da kumatu. Mai hoto ya zauna gaban kwamfuta don ya ceto aikin, ya ja haske sama, sai fatar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata gari. Ya shafe ƙuraje, ya goge tabo, ya sassaita hanci. Mai hoton ma yana tsaye a bayansa yana cewa, "Malam, a ɗan ƙara mini haske."

Wannan rashin jituwa tsakanin kyamara da baƙar fata yana da tarihi. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake daidaita launin injin. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Zamanin dijital bai share matsalar gaba ɗaya ba. Binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka wallafa a 2018 ya nuna cewa wasu manhajojin da ke tantance namiji da mace daga fuska suna kuskure har kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata masu duhun fata, alhali kuskurensu a kan fararen maza bai wuce kashi 0.8 ba. A 2020 wani binciken BBC ya gano cewa na'urar duba hoton fasfo ta Birtaniya tana ƙin hotunan mata baƙaƙe fiye da ninki biyu na yadda take ƙin na fararen maza. Kamfanoni sun fara gyara: Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Infinix da Itel, ya sami karɓuwa a Afirka, ɗaya daga cikin dalilai kuwa shi ne daidaita kyamarorinsa da baƙar fata, Google kuma ya yi irin wannan yunƙuri a wayarsa ta Pixel 6 a 2021.

To, idan na'urori suna da wannan son kai, ashe ba dabara ba ce a haskaka fuska don ta wuce? A'a. Ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, waɗanda fasfon ƙasashe ke bi, suna son hoto ya nuna kamannin mutum na gaskiya da launin fatarsa na asali. Hoton da ke cikin fasfo za a riƙa gwada shi da fuskar mai shi a filin jirgi shekara da shekaru. Duk abin da aka canza a shago, tazara ce aka saka tsakanin mutum da takardarsa, kuma shi ne zai tsaya yana bayani a gaban jami'i a Jidda ko Riyad, cikin harshen da wataƙila bai ƙware a kai ba. Hukumomi sun san da wannan. Ƙasar Jamus, saboda tsoron haɗa fuskoki biyu a hoto guda ta kwamfuta, ta kafa doka cewa daga watan Mayu na 2025 hoton fasfo sai dai a ɗauke shi a ofishin hukuma ko a aiko shi kai tsaye ta amintacciyar hanya daga mai hoto mai rajista. Sana'ar da ta saba yi wa fuska kwaskwarima tana haƙa wa kanta rami ne, domin ranar da hukuma ta daina yarda da ita, cinikin ya tafi.

Hujjar da masu shago suka fi kafawa ita ce, abin da mai kuɗi yake so shi ake yi masa, in ka ƙi maƙwabcinka zai yi. Hujja ce mai nauyi ga wanda ke biyan hayar shago. A hoton biki ko na ado, mutum yana da ikon zaɓar yadda yake so ya fito, ko da yake abin tambaya ne a ce amarya ta fito a hoton aurenta da launin da danginta ba su san ta da shi ba. Amma a hoton takarda babu wannan zaɓi, kuma mai sana'a ne ya san haka, ba abokin cinikinsa ba. Tela na ƙwarai yakan gaya wa mai yadi cewa ɗinkin da ya zaɓa ba zai zauna ba. Minti ɗaya na bayani ya fi a dawo wa mutum da hoto bayan mako guda.

Maganin gaskiya kuwa ba a cikin manhaja yake ba, a wurin ɗauka yake. A auna haske a kan fuskar mutum, ba a kan rigarsa ba. A ƙara wa kyamara haske da hannu idan fari ya yi yawa a gabanta. A sa fitila biyu masu laushin haske dama da hagu, ko a yi amfani da farin kwali ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa. A haskaka bangon baya daban, a kuma matsar da mutum gaba kaɗan don kada inuwarsa ta faɗa a kai. Fuskar da aka haska daidai tana fitowa da launinta da kyanta, ba ta bukatar komai a kwamfuta sai yanka hoto daidai girman da aka nema. Rigakafi ya fi magani.

Abin da ya rage shi ne koyarwa. Yawancin masu wannan sana'a a hannun ubangida suka koya, ta kallon inda yake dannawa, ba tare da an gaya musu dalili ba. Shi ya sa da zarar na'ura ta nuna saƙon da ba su taɓa gani ba sai hankali ya tashi. Ƙungiyoyin masu hoto da makarantun koyon sana'a na Nijeriya da Nijar suna iya tsara gajeren darasi da Hausa a kan abubuwa biyar ɗin nan: sarari da zafin kwamfuta, yawan ɗigo da tsarin fayil, ma'aunin launi, haruffa, da hasken fuska. Ba ya bukatar sabuwar na'ura ko kuɗi mai yawa. Yaron da ya fita da wannan sani zai ci abinci da shi a Fagge ko a Al-Jaradiya, kuma mutanen da suka ba shi amanar fuskokinsu za su karɓe su yadda Allah Ya halicce su.